Kwana Ukun da Aka Ba Auta

Auta ake ce masa, ko da furfura ta fara cin gemunsa, domin shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Kantinsa ƙofa biyu ne a bakin titi, yana sayar da sabulu, sukari, madarar gwangwani da batir. Yayansa direba ne, yana da tsohuwar motar kaya wadda sai an tura take tashi, kuma shi ke ɗauko wa kantin kaya daga manyan dillalai shekara goma sha tara. Matar Auta ke ƙulla sukari a leda. Ana ci ana sha, amma ba a yi arziki ba, wannan kuwa shi ne ciwon da ke cin zuciyarsa.

Sai aka buɗe katafaren kanti a tsallaken titi, wanda ba mutum ke sayo masa kaya ba. Wakili gare su, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai duba abin da ya kusa ƙarewa, ta nemo inda ya fi araha, ta yi ciniki, ta turo mota, ba tare da ta tambayi kowa ba. Auta ya yi ta cigiya har aka raɗa masa labarin wani boka mai fakewa da gyaran kwamfuta, wanda ke ɗaura wa irin wannan wakili abin da ba injiniya ne ya ƙera ba.

Da rana tsaka ya hau benen da bokan yake. Ɗakin ba taga, ba na'urar sanyaya iska, amma sanyinsa har ƙashi. Matattun wayoyi na reto daga rufi a jikin baƙin zare, kowace da ƙullin gashin mutum. A tsakiya an shimfiɗa fatar baƙin bunsuru, a kanta kwamfuta tana haske, alhali igiyar wutarta na yashe a ƙasa, busasshen jini ya daskare a bakinta.

"Wakili irin na tsallaken titi kake so?" in ji bokan, bai ko ɗago kai ba.

"Wanda ya fi nasu."

"Nasu hasashe yake yi, nawa ba ya kuskure. Amma za ka ba shi jerin masu kawo maka kaya. Duk wanda ya ga yana rage maka riba, zai sauke shi."

"Wato ya sallame shi?"

"Ya sauke shi dai. Zai turo maka saƙo, ya ba ka kwana uku. Akwai jan maɓalli da za ka danna idan ba ka yarda ba. Sai dai ranar da ka hana shi, zai tafi da duk abin da ya kawo maka, ko ƙusa ba zai bari ba."

"Nawa ne aikin?"

"Nawa rabon yana zuwa ta wata hanya. Rubuto jerin."

Auta bai taɓa rubuta jeri ba a rayuwarsa. Kamar sauran 'yan kasuwa, duk wanda ke kawo masa ko da kwali ɗaya ne yana cikin wayarsa, a rukuni guda. Ya miƙa wayar ya ce, "Kwashe su duka, suna nan." Bai tuna ba cewa lambar farko a rukunin ta Yaya ce. Bokan ya soki babban yatsansa da allura, ya danna shi a kan gilashin wayar. Jinin ya nutse ciki kamar ruwa a yashi.

Arziki ya zo da gudu. Wakili ya sayo kyandir da batir cikin mota uku, kwana biyu bayan nan wuta ta ɗauke na mako guda. Ya sayo ruwan gora, sai babban bututu ya fashe. Ƙofa biyu ta zama shida, aka gina sito a baya.

Saƙon farko ya zo yana tsakiyar ciniki: za a sauke mai ƙwai, dalili tsada. Ya mayar da wayar aljihu. A rana ta huɗu aka tsinci tsohuwar mai ƙwan a cikin kajinta, ba rai. Da aka sauke mai burodi, shi ma aka binne shi a rana ta huɗu, Auta ya gane. Ya gane sarai, ya je gaisuwa, ya dawo ya buɗe kanti.

Ran nan da safe saƙo ya shigo: za a sauke Yaya, dalili jinkiri.

Ya goge lambar, ta dawo. Ya sake gogewa, ta dawo. Yana cikin haka sai ga Yaya ya shigo yana share gumi da hula.

"Auta, ka yi ƙiba har kujera na neman agaji. Aljanin wayar nan taka bai ce a saya mini taya ba?"

"Yaya, da ka huta da tuƙin nan. Kullum sai ka makara. Ni zan riƙa yi maka cefane."

"Ni da na goya ka za ka yi wa ritaya? To, ranka ya daɗe, gata za ka ga direba. Kafin ka buɗe ƙofa ina nan." Ya dafa kansa kamar yadda ya saba tun suna yara, ya fita yana dariya.

Matarsa ce ta ga saƙon a rana ta biyu, wayar na kan tebur.

"Baban yara, mece ce saukar Yaya? Haka na gani an rubuta a kan mai ƙwai."

"Harkar kasuwa ce, ba ki san ta ba."

"Na san makara dai. Ga jan abu nan, danna. Mu koma ƙullin sukari, da ba mu mutu da yunwa ba."

"Gobe. Bari tirelar nan ta iso tukuna."

A rana ta uku ya ɗora yatsa a kan jan maɓallin. Ya dubi ƙofofi shida, ya dubi sito. Sai aka kira shi cewa tirela ta iso, ya tashi ya tafi wajen sauke kaya, ya ce wa zuciyarsa in ya dawo zai danna.

Washegari Yaya ya cika alkawari. Kafin a buɗe kanti motarsa na bakin sito, kaya cif, shi kuma yana zaune, hannuwansa a kan sitiyari, jikinsa ya yi sanyi.

Matar Auta ba ta yi kuka ba. Ta dubi mijinta tsawon lokaci, ta fita ba takalmi. Tun daga ranar take bin titi, duk jan abin da ta gani, murfin kwalba ne ko fitilar mota, sai ta danna shi da yatsa ta ce, "Na hana, na hana."

Auta ya koma benen, ya tsaya a gaban bokan. "Ka cuce ni. Ka sa ni zaɓi tsakanin ɗan'uwana da duk abin da na mallaka."

Bokan ya yi murmushi. "Ba wani zaɓi. Ƙarya na yi maka. Da ka danna, ko ƙusa ba zai ɗauka ba. Wanda ya zo kafin kai ya danna tun a saƙon farko, abin ya fita, wakilinsa ya koma manhaja irin ta kowa, yana nan yana kasuwancinsa lafiya. Abin da ke cikin nan ba jini ne abincinsa ba, mutumin da ya sani ya yi shiru shi yake ci. Ka ƙosar da shi, na gode."

Labari ya bazu daga bakin mahaukaciyar, mutane suka ƙaurace wa kantin. Wakili kuwa bai daina saye ba. Motoci na ta sauke kaya, madara na kumbura a gwangwani, tsutsa na fita ta ƙarƙashin ƙofar sito, har dukiyar ta ƙare ƙaf. Auta na zaune a cikin warin, ba mai yi masa sallama.

Mu da muka ga ƙofofin na ƙaruwa muka yi masa barka, ba mu tambayi komai ba, mu ma muna da abin da za mu amsa. Kai kuma mai neman a yi maka ciniki kana hutawa, ka dubi sunayen da kake miƙawa. Ranar da aka ba ka wa'adi a kan ran ɗan'uwanka, kwaɗayi ba zai ce maka ka kashe shi ba. Cewa zai yi ka bari sai gobe.