Batir Mai Bolt Sha Shida

Tun kafin Ummu Hani ta ga fuskarsa ta ji haushinsa. Tana zaune a shagon batura na yayanta a Birnin Kebbi, sai kwalaben da ke kan tebur suka fara rawa. Wata tsohuwar jar mota ce ta tsaya a ƙofa, kiɗa na tashi daga but ɗinta kamar ana surfe a ciki. Saurayi ya fito yana murmushi, shi a dole ya burge.

"Sannu ƙanwata. Batir mai bolt sha shida nika so. Gasar sautin mota za a yi Argungu, ni ko Mujtaba ba ni zuwa na biyu."

"Kashe wanga abu tukuna, in ji mi kaka hwaɗi."

Ya kashe. Ta fita ta buɗe but ɗin, ta duba amfilifayar da ke ba sifikokin ƙarfi, ta rufe.

"Ba ni sayar maka. Amfilifayarka ba ta ɗaukar wutar da taw wuce sha huɗu da 'yan kai. Ka sa mata sha shida, hayaƙi za ka kwaso, ba kofi ba."

Mujtaba bai taɓa ganin mai shago ta kori ciniki ba. Washegari ya dawo da hujja, jibi ya dawo da wata. Tun yana zuwa musu har ya koma zuwa zance, ita kuma tun tana tsaki har ta fara duban hanya idan ya makara. Abin ya ba ta haushin kanta ƙwarai.

Wata rana da la'asar saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, na yarda kin fi ni sanin wuta. Amma bolt biyu kacal ne tsakanina da kofi. Ki tausaya."

Ta mayar: "Sarkin Ƙara, tausayin ne ya sa na hana ka. Ka ci abinci?"

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Malam Maigandi, yana karantarwa a zaurensa a Gwadangaji, yana kuma noman shinkafa a fadamar Zauro. Ranar da Mujtaba ya fara zuwa gaishe shi, ya manta bai rage kiɗa ba sai da ya iso ƙofa. Gilasan taga suka kaɗa, karatu ya tsaya.

"Wanga ne?" Malam ya tambayi mahaifiyarta, Inno, bayan baƙon ya tafi. "Wanda ba shi iya isowa ƙohwar mutane shiru? Ba ni ba shi ɗiyata."

Ga kuma Taufiq, wanda ya ci gasar bara. Shi ma yana son Ummu Hani, kuma shi mai wayo ne, tun daga kwanar unguwa yake kashe kiɗansa. Malam ya fara karkata gare shi. Da Taufiq ya zo neman batirin nan mai sha shida, ta duba kayansa ta ga za su ɗauka, ta sayar masa. Kafin magariba labari ya kai inda take gudu.

"Ashe kin zaɓi gwaninki. Allah shi ba da sa'a," in ji saƙon Mujtaba.

Ta karanta sau uku, ranta na ƙuna. Wai mutum ka tsare masa dukiya, ya saka maka da fushi. Ta rubuta: "Batir na sayar, ba zuciya ba. Akwai guda biyu masu sha biyu, irin na sola. Ba su tsawa, amma suna yini suna aiki. In ka gama fushin ka zo ka ɗauka."

Ya zo ya ɗauka yana cika yana batsewa. Shi da ita duk sun san ba za su ci masa kofi ba.

Asabar ɗin gasa, da hantsi, tsuntsaye jan baki suka sauka a Zauro. Shinkafar Malam ta fid da kai, kuma garken jan baki ba ya buƙatar yini biyu ya mayar da gona kara. Gidan duka suka tafi da gwangwanaye da igiya. Ummu Hani ta kaɗa har hannunta ya sage; a kore su nan, su sauka can. Ta ga mahaifinta tsaye a kan kunya, rawani a kwance, yana ɗaga murya ba ta fita. Tausayinsa ya kama ta har ta ji ƙwalla.

Ta tura saƙo a gajarce: "Ba ni samun zuwa kallo. Jan baki sun sauka gonar Baba."

Ba ta roƙe shi komai ba. Amma kafin azahar sai ga jar motar tana tangaɗi a kan hanyar fadama, lambar gasa manne a gilashinta. Mujtaba ya juya bayan motar ga gona, ya buɗe but, ya murɗa kiɗa.

Ƙasa ta amsa. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, suka yi yamma. Duk sanda suka kewayo, ya sake murɗawa. Haka aka yini, haka aka sake yini, baturan ba su gaza ba. A Argungu an kira sunansa sau uku, Taufiq ya ɗauki kofi.

"Da mai sha shida ne da tuni sun kai Nijar," ya ce mata.

"Da mai sha shida ne da tuni muna kashe gobara. Riƙe ruwa ka sha, don Allah."

Yammacin rana ta biyu Malam ya tako har gindin motar. Yini biyu yana kusa da sifikoki, kunnuwansa sun dode, bai san da ƙarfi yake magana ba.

"Kai yaro! Gasar taka hwa?"

"Ta wuce, Baba."

"Mi?"

"Ta wuce!"

Malam ya dubi shinkafarsa, ya dubi saurayin da ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Abin da ya yi niyyar faɗa a asirce sai ya fito har gonaki uku suka ji.

"Ka turo magabatanka! Na ba ka ita!"

Maƙwabtan gona suka ɗauki kabbara. Ummu Hani ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya da farin ciki sun hana ta motsi. Da suka koma gida Malam ya so ya ce a ɗan ƙara bincike, Inno ta ce ai maganar da fadama ta shaida ba ta komawa ciki.

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka yi walima da sabuwar shinkafa. Da aka kai amarya, Mujtaba ya matso ya rage murya.

"Injiniyata, gasar baɗi, in na canza amfilifaya..."

"Allah shi ba ni haƙurin zama da kai," ta ce, tana dariya.

"Amin," ya ce, da gaske.

Mu ma amin muka ce. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kuma sa 'ya'yan su gado kunnen jurewa.