Yashin Hawaja Anjelo

Takalmin kakarta Zuhura ta kawo gyara, amma sawunta Muhajir ya fara gani kafin fuskarta. A ƙofar shagonsa da ke kasuwar Omdurman akwai jiƙaƙƙen yashi a shimfiɗe, duk mai shiga sai ya taka. Ya dubi sawun, ya ɗago ya dube ta, sai allura ta faɗi daga hannunsa.

"Yashin nan fa, ya usta?" ta tambaya tana kaɗe gefen mayafinta. Usta ake ce wa gwanin sana'a a can.

"Gadon maigidana ne."

Maigidan shi ne Hawaja Anjelo, Baturen Italiya, sojan da Ingilishi suka kama a yaƙin Keren suka kawo Sudan da harsashi a ƙafa. Da aka saki fursunoni ya ƙi komawa gida, ya buɗe shagon takalma. Bai yarda da awon zare ba, sai dai mutum ya taka yashi, wai ƙafa ba ta ƙarya in tana tafiya. Shi ya riƙe Muhajir yana maraya, kuma a shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Kudu, tare suke yi wa masu dawowa da rauni takalma. Ya rasu bai bar ɗa ba, sai shago da yashi.

Gyaran takalmin tsohuwa dai ya ƙi ƙarewa. Yau zare ya ƙare, gobe gam bai bushe ba. Ita ma Zuhura ba ta gaji da hawa mota daga unguwar Alsawra ba.

Sai Muhajir ya yi ɓaranɓarama irin ta baduku. Ya ɗinka mata takalmi kyauta, na hagu ya fi na dama tudu kaɗan. Tun ranar farko ya ga dunduniyarta ta hagu ba ta zama a yashi, abin da take ɓoyewa tun tana yarinya. Ta juya takalmin, ta gane, ta fita da shi ko sallama babu. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa:

"Ashe aibina kake kallo tun farko. Na gode, ya usta."

Ya rubuta: "Zuhurata, wallahi ban ga aibi ba. Gajiyarki na gani, ita ta dame ni. Ki saka sau ɗaya, in bai yi ba ki jefa a kogin Nilu."

Ta ajiye takalmin a gefe. Amma ranar da ta saka shi don zuwa biki, ta wuni a tsaye bayanta bai yi ciwo ba, ta zauna ta yi kuka. Ta aika: "Ustana, ban jefa ba. Ka turo manyanka."

Mahaifinta Malam Uwaisu ya ce sam. Yana da Badaru a rai, mai shaguna a Kasuwar Libiya, wanda ya riga ya fara aiko da turare.

"Baduku, kuma wanda ya tashi a hannun Nasara? Me aka koya masa a can?"

Hajiya Kubra, mahaifiyar Malam, tana kan gado tana jan carbi. Ta miƙa hannu a ba ta takalmin Zuhura, ta shafa ɗinkin.

"Uwaisu, wannan ɗinkin Hawaja gurgu ne. A ƙasa muka taho daga Kano ni da ubanka, kana goye a bayana. Muka iso garin nan ƙafarsa duk ta tsattsage, ya ce aikin hajji ya gagare shi. Baturen nan ya sa shi ya taka yashi, ya yi masa takalmi bai karɓi ko sisi ba, ya ce in ya je ya dawo ya ba shi labari. Da shi ubanka ya isa bakin tekun da alhazai ke hayewa. Abin da aka koya wa yaron ke nan."

Malam ya miƙe ya fita. Washegari Muhajir ya ɗago ya gan shi tsaye a ƙofar shago. Malam ya daɗe yana kallon yashin, sannan ya tuɓe takalminsa ya taka.

"Alheri danƙo ne," ya ce. "Auna ni, ɗana. Da naka zan je ɗaurin aure."

Bayan Sallar Layya aka ɗaura, Hajiya Kubra ta haɗa hannuwansu masu lalle ta ce Allah ya yi albarka, ya ba da zuriya ɗayyiba. Da amarya ta fara fita, shago ta kawo wa angonta abinci. Muhajir ya leƙa yashin kamar yadda ya saba.

"Me ka gani yau, ustana?"

"Sawu biyu, daidai wa daida," ya ce. "Shigo, Zuhurata."