Hayaƙi a Ƙarƙashin Bargo

Dariya ce ta kufce wa Hamdiya a tsakiyar zaman makoki.

Ta toshe baki da mayafi, amma ina! Kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, dariyar na ƙara tashi. Matan garin Cadawa suka saki carbi suna kallonta. Kuma ba makokin kowa ba ne, na mahaifin Ridwanu ne, saurayin da aka sa musu rana bayan kaka.

"Ku fitar min da ita," in ji Hajiya Lantana, uwar Ridwanu, ba ta ko ɗaga murya ba.

Da la'asar Ridwanu ya samu Hamdiya a zauren gidansu, ta haɗa kai da gwiwa.

"Hamdi... ɗago ki dube ni."

"Wallahi ba ni ce na yi ba! Zuciyata kuka take, bakina na dariya..."

"Na sani, abar ƙaunata. Ba tare muka je Yamai da Gwaggonki ba?"

Can ne likitan jijiya ya gaya musu cewa ciwo ne mai cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, yana lafawa yana tashi. Shi ke kashe mata ƙafa, shi ke sa dariya ko kuka ba da son ranta ba. Likitan ya ja kunnenta da ta guji zafi, ya kuma ce in baƙin ciki ya yi mata nauyi ta faɗa. Na zafin ta kiyaye. Na biyun kuwa ta haɗiye, ko Ridwanu bai san yadda gari ke waye mata ba.

Sai ga Basira, ɗiyar ƙanwar Hajiya, da sallamarta mai zaƙi. Ƙawa ce wai. Babu abin da Hamdiya ba ta gaya mata ba, har maganar zafin. Babu kuma wanda bai san idon Basira na kan Ridwanu ba, sai Hamdiya, baiwar Allah.

"Hajiya ta ce iska ce gare ki, za ta sa a fasa auren," in ji Basira. "Ni kau na roƙe ta. Ta ce ki zo a yi miki turare. In ba ki faɗi ƙasa ba, babu kowa a kanki, magana ta ƙare."

"Basira, lokotoro ya hana ni zafi..."

"Ɗan hayaƙi ne hwa! Ko kin fi so ki rasa shi?"

Hamdiya ba ta gaya wa Ridwanu ba. Ranar kasuwa, yana shagonsa, ta tafi da tsakar ranar bazara.

A ɗakin takabar Hajiya aka zaunar da ita. Wata tsohuwa ta tura kaskon garwashi gabanta, ta zuba saiwoyi da ƙaro. Basira da kanta ta ɗauko bargo mai kauri, ta lulluɓe ta ruf.

Duhu. Zafi.

Yatsun ƙafarta suka fara mutuwa, abin ya hau gwiwa, ya hau ƙugu. Jan garwashin ya dushe a idonta. Tana jin muryoyi kamar daga ƙasan rijiya.

"Kun gani? Aljanin ya motsa!"

"Danne bakin bargon, kada ya fita bai yi magana ba!"

Hamdiya ta daina motsi. Wani irin sanyin rai ya sauko mata, mai ban tsoro.

"Hamdiya!!"

Ridwanu ne. Gwaggonta ce ta neme ta ta rasa, ta bi shi kasuwa, suka yi ta cigiya har aka ce an ga ta shiga gidan Hajiya. Ya fizge bargon, ya ture kaskon da ƙafa, ya kinkimo tulu ya juye mata. Gwaggo ta rungume ta tana fifita, tana salati.

"Ta faɗi dai," in ji Basira. "Kowa ya gani."

"Ke kin san zafi ke kayar da ita!" in ji Ridwanu. "A gabana ta gaya miki!"

Basira ta sunkuyar da kai. Hajiya dai fuskarta a murtuke.

A hankali ƙafafun suka fara dawowa. Hamdiya ta buɗe ido.

"Don mi ka yaye?"

"Mi kika ce, Hamdi?"

"Ina cikin bargon nan roƙo nake kada a yaye... Na gaji, Ridwanu. Kullum in na farka sai in ce, yau ma? Na gaji da jikin da ba ya jin maganata. Ka auri mai lafiya, na yafe maka."

Ridwanu ya durƙushe, kuka ya ƙwace masa kamar ƙaramin yaro.

"Ban son mai lafiya! Ke nike so!"

Hajiya Lantana ta miƙe da ƙyar. Kowa ya ɗauka korar ce ta zo. Ta taka har gaban yarinyar, ta daɗe tana kallonta.

"Sake faɗi. In kin farka mi kike cewa?"

"Yau ma..."

Hajiya ta jinjina kai.

"Tun da aka fita da gawar Alhaji, da kalmar nan nike buɗe ido. Wannan ba iska ba ce. Wannan na san shi."

Ta juya ga Basira. "Kwashe garwashinki ki koma gidanku."

Sannan ta zauna a jiƙaƙƙiyar tabarmar, ta ɗora kan Hamdiya a cinyarta.

"Ridwanu, gobe ku maida ta wurin lokotoron, ta gaya mishi abin da ta gaya muna, kada ta rage komi. In na fita takaba a ɗaura."

"Hajiya..." in ji Ridwanu.

"Ban gama ba. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai, ko na yini guda." Ta goge ido da gefen zane. "Ni ma kada ku bar ni."