Raƙumin Dawan Misbahu

"Ɗaukar bidiyo? Yanzu wannan ma sana'a ce da za a ɗauki 'ya a ba mutum a kanta?"

Malam Ja'afaru Tela ne ke wannan faɗa da sanyin safiya a tsakar gidansa da ke unguwar Briqueterie, ya ture kofin kunu gefe kamar shi ya yi masa laifi. 'Yarsa Raliya na durƙushe a gabansa, kai a sunkuye, tana murza bakin mayafinta. Ƙanwarsa Gwaggo Karimatu ce ta kawo maganar, cewa Misbahu, yaron nan ɗan Najeriya mai ɗaukar bukukuwa, yana neman izinin turo magabatansa.

"Yaya, yaron fa yana da hankali, ga ladabi, ga..."

"Hankali ake ci? Ni da ke da keken ɗinki uku a shago, biyu sun yi tsatsa don babu aiki, balle wanda cinsa ya dogara da rawar mutane!"

Ta wani gefen da gaskiyarsa. A shekarun nan an zaftare albashin ma'aikata, aka zo aka karya darajar sefa, duk abin da ya fito daga waje ya ninka kuɗi. Masu kawo masa shadda sun koma ɗaga gwanjo a kasuwar Mokolo. Talauci kuwa ba ya barin mutum da daɗin baki.

Daga cikin ɗaki aka ji muryar tsohuwa. "Kai mai keke, rage murya, kana firgita min kaji. A gwada yaron mana kafin a yanke masa hukunci."

Hajiya Tasalla ke nan, mahaifiyarsa, wadda jikoki ke kira Kaka. Malam Ja'afaru ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba saboda kunya. Ga shi har ya yi furfura, amma a wurinta "mai keke" ne, ko "wancan". Ko sannu da aiki ba ta yi masa sai dai ta faɗa wa bango.

Malam Ja'afaru ya nisa. "To, Hajiya ta yi magana. Ga bikin Lubna na zuwa. Ya ɗauka mu gani. In ya fitar da ni kunya a gaban surukai, sai ya turo. Amma da sharaɗi, ƙafarsa ba za ta taka cikin gidana ba. Wunin mata na mata ne."

Raliya ta ji kamar ta tashi ta yi guɗa. Lubna yayarta ce, za ta auri ɗan wasu ma'aikata daga unguwar Cité Verte, kuma bikin ya matso.

Sharaɗin bai tayar wa Misbahu da hankali ba, don yana da abin da babu mai irinsa a unguwar. Wani dogon bututun ƙarfe ne da ya sa mai walda a unguwar Nkomkana ya haɗa masa. A kan gaba ake ɗaure kamara, a baya a rataya tsofaffin ƙarafan birkin mota don su daidaita nauyi. In ya danna baya, gaba ya ɗaga sama, kamara ta hango taro daga bisa kamar tsuntsu. Shi yana ce masa jib, mutanen unguwa kuwa suka laƙaba masa raƙumin dawa. Zai iya tsayawa a lungu bayan katanga, raƙumin ya leƙa ciki, shi kuma yana kallon abin da ake ɗauka a wata 'yar talabijin.

Matsalar ɗaya ce, raƙumin ba shi da ƙafa. A wurin taron maza kan durom cike da yashi yake ɗora shi, durom kuwa ya yi gajarta ga katangar Malam Ja'afaru.

Ranar da Raliya da Gwaggo suka fita sayayyar biki, Misbahu ya tare su, ya kai su wani shago a cikin gari ya nuna musu ƙafar da ta dace, mai kauri, mai nauyi kamar turmi. Mai shagon ya faɗi kuɗin. Raliya ta dafe ƙirji.

"Mais c'est trop cher! Ai ta yi tsada da yawa! Ba kai ka ce ka kusa tara kuɗinta ba?"

"Na kusa, kafin a karya sefa," in ji Misbahu da murmushin yaƙe. "Yanzu abin da na tara ko rabi bai kai ba."

Suka gangara Mokolo. A wajen wani mai kayan gwanjo suka ga wata mai ƙafa uku, siririya, tana ta walƙiya, kuɗinta daidai aljihunsa. Misbahu ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya girgiza kai.

"Wannan ta fitila ce, Raliya. Ba za ta ɗauki jib ba. Gara in je in ba Baba haƙuri, in ce ya ƙara min lokaci zuwa wani bikin."

"Wane bikin? Ka san Baba, in ka ce ba ka shirya ba shi ke nan, ya samu abin faɗa!" Hawaye suka cika mata ido. "Yini ɗaya ne fa. Don Allah, Misbahu. In kana sona ka saya."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ni dai na san araha ba ta ado."

Ba wanda ya saurare ta. Namiji in ya ga hawayen wadda yake so, ko ce masa aka yi ya ɗora tulu a kan tsinke zai gwada. Misbahu ya biya, ya saɓa ƙafar a kafaɗa, zuciyarsa na hana shi.

Ranar wuni aka wayi gari da ruwan sama, ya ɗauke kafin azahar. Gida ya cika maƙil da mata, kalangu na tashi, dangin ango sun zo cikin leshi na gani na faɗa. Misbahu ya kafa raƙuminsa a lungu, ya tokare ƙafafun da duwatsu. Abin da bai lura da shi ba, kusa da wurin ne kwatar gidan ke fitowa, kuma tun asuba masu girki ke zubar da ruwan wankin shinkafa. Jar ƙasar ta sha ta ƙoshi, samanta ne kawai ya bushe.

Gwaggo ta leƙo ta ce masa mata sun kimtsa. Raƙumi ya miƙe wuya ya leƙa, mata suka ɗau shewa. Raliya ta ɗaga kai tana kallonsa, daɗi kamar ya kashe ta. Har Kaka, wadda duk rayuwarta ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ta miƙe ta taka 'yar rawa ta koma kan tabarmarta tana haki.

Sai ƙafa ɗaya ta nutse.

Raliya ta ga wuyan ƙarfen ya karkace, ya yi lilo, ya sunkuyo. Kamara ta ɓalle ta faɗa cikin babbar tukunyar miya, manja ya fallatsa a kan leshin uwar ango da ƙawayenta. Ihu ya kaure. Misbahu da ya ji ihun ya zaci kan wata aka fasa, ya manta da sharaɗi, ya manta da sallama, ya kutsa cikin gida a guje, hannunsa da ƙarfen ya yanka na zubar da jini.

"Wa ya ji ciwo? Kaka! Ina Kaka?"

Mata suka watse suna rufe kai. Babu wadda ta ji ciwo, amma Malam Ja'afaru na tsaye a bakin zaure.

"Fita! Fita min daga gida! Ka zubar min da mutunci a gaban baƙi, ka keta min cikin mata. In na sake ganinka a layin nan, wallahi sai na haɗa ka da hukuma!"

"Baba, ni ce na..." Raliya ta fara.

"Rufe min baki! Daga yau ko gaisuwa na haramta tsakaninku."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Raliya ta bi umarnin mahaifinta, ba ta aika ba, ba ta leƙa ba, sai kuka a bayan ɗaki in tana wanki. Abin da ya fi cin ranta, ita ta matsa masa, shi kuma ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba don ya wanke kansa. Gwaggo ce ke kawo mata labari jefi-jefi: kamara na wurin mai gyara a unguwar Ekoudou, Misbahu ya koma taya wani mai suya yanka albasa da juya tsire.

"Kaka, ki sa baki mana," ta ce wata rana, ta kifa kai a cinyar tsohuwar.

"Na sa sau ɗaya, kin ga yadda ta ƙare. Bar wancan ya huce. Zuciyarsa irin ta ubansa ce, garwashi ce, ba a kama ta da hannu."

Kaka ba ta ga hucewar ba. Bayan Babbar Salla zazzaɓi ya kwantar da ita, cikin 'yan kwanaki ta cika. Raliya ta ji an cire mata bango na ƙarshe da take jingina.

Malam Ja'afaru ya zama wani iri. Ya kan zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa yana kallon tabarmarta. Da aka watse daga zaman makoki Gwaggo ta same shi da wani abu a naɗe cikin takarda.

"Yaron nan ne ya kawo, ya tsaya a bakin titi, bai shigo layi ba. Kaset ɗin bikin ne, da kyar aka ciro shi daga kamarar. Ya ce ba don komai ba, Hajiya na ciki."

Ya daɗe yana kallon kaset ɗin. Da la'asar ya sa aka aro talabijin da na'urar bidiyo daga maƙwabta, aka jona a tsakar gida.

Ga gidan nan daga sama, ga mata, ga Kaka tana taka rawa da 'yar sandarta. Ta zauna tana dariya. Kamara ta sauko kusa da ita. Wata tsohuwar ƙawarta ta ja ta da cewa, "Tasalla, yau kam ɗanki ya yi ƙoƙari." Kaka ta ɗaga kai ta dubi kamarar, ta yi tsammanin irin ta masu hoto ce, mai ɗaukar fuska ta bar murya. Sai ta karkata ga ƙawar ta ce a hankali:

"Ja'afaru ai ɗa ne. Keke biyu sun tsaya, amma bai taɓa barina na kwana da yunwa ba, ya ɗauka ban sani ba shi ke kwana da ita. Allah ya yi wa Ja'afaru albarka."

Daga nan hoton ya karkace, ya ɗauke.

Malam Ja'afaru ya rufe fuska da babbar rigarsa, kafaɗunsa na girgiza. Raliya ba ta taɓa ganin kukan mahaifinta ba sai ranar.

"Ta kira sunana," ya ce da kyar. "Karimatu, kin ji? Sau biyu. A mayar min baya."

Aka mayar. Ya sake cewa a mayar.

Washegari ya aika a kira Misbahu shago. Raliya ta kawo abincin rana ta tarar da su, ta tsaya turus a bakin ƙofa. Mahaifinta na durƙushe da sukundireba, yana kwance kan ɗaya daga cikin kekunan da suka tsaya, ya bar ƙafarta ta baƙin ƙarfe, wadda sai ƙarti biyu ke ɗagawa.

"An gyara kamarar?"

"An gyara, Baba. Ƙafa ce babu."

"To ga ƙafa. Ka kai wa mai waldarka ya dasa mata bututu a tsakiya, ka shimfiɗa katako a ƙasa in za ka kafa. Tun ina saurayi nake taka ta, ba ta taɓa gocewa ba." Ya share gumi. "Na raina sana'arka, ita ta ba ni abin da na ɗauka ya tafi kabari."

Raliya ta ajiye kwano, ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, waccan ƙafar ni na matsa masa ya saya. Ya ce min ba za ta ɗauka ba."

Malam Ja'afaru ya dubi Misbahu, wanda ya sunkuyar da kai. "Kuma ka yi shiru ka sha zagi?" Ya girgiza kai. "Ke kin yi gaggawa, ni na yi fushi, shi kaɗai ya yi haƙuri a cikinmu. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Gaggawa ta kusa raba Raliya da abin da take so, biyayya da haƙuri suka dawo mata da shi. Duk abin da zai ɗauki nauyi, aure ne ko ƙarfe, a fara duba ƙafar da zai tsaya a kai, kada a bi walƙiya ko araha.

Ranar bikinsu wani abokin ango ne ya riƙe raƙumin dawa, raƙumin na tsaye daram a kan ƙafar keken ɗinki. Kafin a fara ɗauka, Malam Ja'afaru ya leƙa cikin gida ya yi wa tsofaffi gargaɗi: "Ku yi magana da kyau fa, abin nan yana ji."