Kwabon da Auta Ta Goge

"Wa ya goge su?"

Mai gyaran agogon ne ya tambayi Auta, bai ɗago ba, gilashi maƙale a idonsa, yana juya kwabo ɗaya da hantsaki.

"Ni ce... da lemun tsami da soson ƙarfe. Na ga sun yi baƙi, na ji kunyar kawo maka datti."

Shekara biyu yana neman aurenta, Yayanta na cewa mai zaman rumfa ba zai iya riƙe masa ƙanwa ba. Sai ga gwangwanin tsofaffin kwabbai a bayan durowar marigayi Babansu. Umma ta ce a kai masa ya duba darajarsu, tunda ya san tsofaffin kaya.

"Sauran duk gama-gari ne, ranki ya daɗe," ya ce a hankali. "Wannan kuwa kaɗan aka buga. Amma masu tara irinsa tsufan suke saye. Soso ya cinye rubutun har da shekarar."

"Ke nan ni na kashe shi?"

Ya ajiye hantsakin, ya rufe gwangwanin.

Da yamma ya mayar da gwangwanin da kansa, ya ce wa Yaya babu mai tsada a ciki. Bai ambaci zancen soson ba.

Abokin Yaya, wani dillali da ya daɗe yana zuba wa Auta ido, ya ɗaga kwabon yana murmushi.

"Tsohon kuɗi da ƙyalli haka? An musanya muku, wallahi."

"Ɓarawo!" in ji Yaya, yana nuna mai gyaran agogon. "Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Auta na bayan labule. Ta jira ya wanke kansa, magana ɗaya ta isa. Sai ta ji ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya sa takalminsa.

Kwana uku abinci bai wuce mata ba. Tsoron Yaya take, amma abin da ya fi cin ranta shi ne yadda shirun ya zo mata da sauƙi.

Ran na huɗu ta durƙusa gaban Yaya, ta ajiye soson.

"Ni na lalata shi. Ya sani tun ranar. Rufa mini asiri ya yi."

Yaya ya miƙe.

"Ɗauko mayafinki."

A rumfar, Yaya ya kasa haɗa ido da kowa. Ya kwance agogon hannunsa ya ɗora a tebur.

Mai gyara ya kara shi a kunne. "Ai lafiyarsa ƙalau, Yaya."

"Na sani. Ka dai duba."

Ya ja benci ya zauna, ya yi gyaran murya.

"In ka gama... ka gaya mini ranar da manyanka za su zo."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan gilashin teburin.

"A hankali, masoyiya," mai gyaran ya raɗa mata. "Agogon mutane ba sa son ruwa."