Randunan Gidan Chindo

Wanda bai san Chindo ba zai ce ƙari nake yi. Ni na san shi, katangarmu ɗaya a wani ƙauye na bakin gulbi, yamma da Tibiri. Shekarar da Nasara suka naɗe tutarsu, kowa na noman gyaɗa yana gode wa Allah, shi kuwa ya ce gyaɗa abincin ɓera ce. Ya ji labarin wani baƙin dutse mai zinariya da ake haƙowa ƙetaren iyaka. Ya ɗauro buhu biyu bisa jaki, ya daka, ya wanke, ko ƙwaya bai samu ba. Maimakon ya haƙura, sai ya nufi wurin boka Nomau.

Da rana tsaka ya je, lokacin da mai hankali ba ya ratsa gindin tsamiya. Nomau na zaune ƙarƙashin wadda tsawa ta tsaga biyu. Gabansa tukunya ce a kife, jini ya bushe a bayanta har ya yi ɓawo, gashin baƙar kaza ya manne a kai. Duk ƙarnin nan, ƙuda ko ɗaya babu.

Nomau ya yanka baƙin bunsuru, ya ɗaga tukunyar, ya ciro ƴar kwalba. Ruwan ciki fari ne mai nauyi, yana gudu kamar mai rai.

Ya ce, "Zaiba ke nan. Cuɗa ta da garin dutsen, za ta kamo maka zinariya. Ruwan wankin kuwa gulbi za ka zuba, can mutanen ɓoye za su ɗauki rabonsu."

"Mene ne rabonsu?"

"Duk cikin da gulbin ya shiga."

Chindo ya ce, "Har na gidana?"

"Su ba su san gida ba."

"To, idan gidana bai sha gulbi ba fa?"

Nomau ya yi dariya. "Kai ka sani. Karɓi ko ka bari."

Ya karɓa, shaƙiyyi, yana ganin ya fi boka wayo. Kafin damina biyu ya yi rufin kwano, ya sayi doki da rediyo. Ya sa aka haƙa masa rijiya mai zurfi a tsakar gida, ya ce wa matarsa Laraba duk wanda ya kai ruwan gulbi bakinsa sai ya karya shi. Tsofaffin randuna ma ya zubar, wai ba su dace da gidan mai arziki ba. Ya sa Gogo mai ginin tukwane ta gina masa sababbi shida.

Mu talakawa fa? Da rani yashin gulbi muke tonawa mu sha. Sajo makiyayi ya zo har ƙofarsa ya ce, "Chindo, ka ji tsoron Allah. Shanuna uku sun sha a gangaren da kake wanki, sun makance, suna ta zagaye har suka faɗi."

Chindo ya ce, "Gulbin na ubanka ne?"

Daga shanu aka koma kan yara. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, gobe a kai shi kushewa. Ni da hannuna na rufe ɗan ƙanena, kuma har gobe raina yana ɓaci idan na tuna Chindo ya zo gaisuwa bisa doki.

Ran nan sai kuka ya tashi a gidansa. Ɗansa Idi mai shekara huɗu ya sandare a cinyar uwarsa. Bayan wata guda ƴarsa Tala ta daina gane kowa, hannuwanta na rawa, yawu na zuba. Chindo ya ɗauki bulala yana tambayar wa ya je gulbi. Laraba ta rantse ba wanda ya je. Ranar da aka rufe Tala, Laraba ta yar da ɗankwali ta fita tana dariya.

Likita ya zo daga Maradi, ya buɗe bakin Laraba, ya ga baƙin layi a dasashinta. Ya ce gubar dalma ce, irin wadda ke cikin baƙin dutsen. Ya duba rijiya, lafiya lau. Sai idonsa ya faɗa kan randuna. Aka kira Gogo.

Tsohuwa ta zo ta durƙusa. Ta ce, "Ɗana, inda uwata ta ɗebi laka nan nake ɗiba, ƙasan gangaren da kake wanki. Bana har ƙyalli take yi. Shi ya sa na zaɓa maka ita, na ce ta mai arziki ce."

Chindo ya miƙe. Ya ɗauki taɓarya ya farfasa randunan ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar bai sake kwana a gidan ba. Shekara bakwai yana yawo cikin gulbi da katangar fasasshiyar randa a hannu, yana kiran Idi da Tala, har ruwan wata damina ya tafi da shi.

To, kai mai kwaɗayi, buɗe kunnenka. Boka ba ya ba da kyauta, kuma abin da ka zuba don ƴaƴan wasu su sha ya san hanyar gidanka. Chindo ya tsare ƙofa, ya tsare rijiya, ya ɗauko gulbin da kuɗinsa ya girke a ɗakin matarsa.