Ɗakin da Aljani Ya Nema a Balat

Aljani ba ya yafe wa wanda ya rushe masa gida. Ɗan Adam ma ba ya yafewa, sai dai shi yakan zauna ya sha shayi tare da kai.

A shekarar da matarsa Zakiyya ta rasu, Hajji Mahrus ya rushe tsohon gidansu na ƙasa a Balat, ya tayar da na jan bulo da siminti. Ya gaya wa maƙwabta don 'yarsa tilo Afaf ya yi, wai yarinyar da ke digiri na biyu a fannin gine-gine a Asyut ta wuce zaman bangon laka. Afaf ɗin ce kawai bai gaya wa ba. Da ya tambaye ta, da ya ji cewa binciken nata kacokan a kan gidan yake: yadda bango mai kauri ke riƙe sanyin asuba har la'asar, ba fanka ba komai. Bai kuma nemi izinin mazauna gidan da ido ba ya gani ba kafin a ɗaga diga, abin da ko wawan garin ba ya mantawa.

Afaf ta dawo hutu da jaka cike da na'urorin auna zafi. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi fenti, ta ce ya yi kyau. Ta ci wake da gurasa, ta tambayi lafiyar dabinai. Jakar ba ta buɗe ta ba.

Wata magariba Mahrus yana alwala a tsakar gida. Rana ta faɗi, amma bangon yana ta amayar da zafin da ya sha tun safe. Sai wani abu ya faɗo kusa da buta. Gutsuren tubalin ƙasa ne, da ƙaiƙayi a jikinsa. Wani ya biyo baya, wani ya sake biyowa. Ya hau rufi, bai tarar da kowa ba sai tantabaru. Ƙanwarsa Ni'imat, mai yi musu girki, ta ce aikin maƙwabta ne, amma ta shige ɗaki ta saka sakata.

Kowace magariba haka. Daga baya aka fara jin sautin yaɓe, tafin hannu a kan jiƙaƙƙiyar laka, a gidan da babu laka. Mahrus ya san sautin. Duk shekara kafin azumi Zakiyya takan yaɓe bangon da hannunta, tana yi tana mita.

Afaf ta daina magana. Takan je ta zauna a ƙasa inda ɗakin uwarta yake a da, wanda yanzu gareji ne, ko da yake Mahrus ba shi da mota. Likita ya ce gajiyar karatu ce. Ni'imat ta ce ita ma ta ga gajiya a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wadda ke jifa ba. Ta aika aka kira Shaikh Barakat, tsohon malamin da ya saba da irin waɗannan baƙin.

Ya zo bayan sallar magariba, ya zauna gaban Afaf, ya yi ta karatu a hankali. Can sai murya ta fito daga bakin Afaf, kakkaura, kamar ta tsoho mai mura. Aljanin ya ƙi faɗin sunansa. Ya ce shi Musulmi ne, kuma yana cikin bangon arewa tun kakan Mahrus bai yi haƙora ba. Shaikh ya ce ya ji tsoron Allah ya fita.

"In fita in shiga ina, Malam? Wannan tandar?"

Shaikh ya yi masa tayin tsohuwar rijiya, ya ƙi. Ya yi masa tayin gonar dabino, ya ce sauro. Aljanin ya nemi a mayar masa da gidan gaba ɗaya. Aka yi ta ja, har aka sauko kan ɗaki guda na tubalin ƙasa, bango kamu ɗaya da rabi, ƙaramar taga can sama tana duban arewa. Shaikh ya faɗa daga baya cewa bai taɓa haɗuwa da aljanin da ya san awo haka ba.

Sai kan Afaf ya juya wajen ubanta.

"Shatin hannun Zakiyya yana jikin kowane bango, Mahrus. Ina ka kai shi?"

Mahrus ya daɗe yana duban siminti. "Duk inda na juya, yatsunta," ya ce. "Na kasa kallo."

"Ita yarinyar ba a tambaye ta ko za ta iya kallo ba," in ji muryar.

Shaikh ya ɗauki alkawarin Mahrus, ya umarci aljanin ya fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa, ta tsaya. Afaf ta yi atishawa, ta nemi ruwa, ta dubi ubanta.

"Baba, me ya shiga maka ido?"

Ta ce ba ta tuna komai ba, kuma ba wanda ya matsa mata. Jifa ya tsaya daga ranar.

Mahrus ya cika alkawari, ya buga tubali a bayan gida. Kafin ya bushe Afaf ta koma Asyut, ta mayar da bincikenta kan gidajen wani gari. Da lokacin yaɓe ya yi ya kira ta a waya, ya tambaya ko za ta zo ta saka hannu. Ta ce aiki ya yi mata yawa, Allah ya ba shi lada. Ya yaɓe ɗakin shi kaɗai, ya fito a karkace.

Don aljani aka gina ɗakin. Tun bazarar farko Mahrus ne ke kwana a ciki.